Ina Kuɗin Bulon Ya Tafi?

Mu miji da mata ne, 'ya'yanmu biyar. Abin da za mu faɗa muku a wannan wata ya daɗe yana cin ranmu, mun kuwa yi ta ja da baya kafin mu rubuta shi, gama akwai kunya a ciki. Amma ɗan da abin ya shafa ya ce mu rubuta, muddin ba mu kama sunansa ba.

Ɗanmu na uku ya faɗa cikin shan maganin tari mai kodin tun yana makarantar sakandare. Ba mu gane da wuri ba. Mun ga barci ya yi masa yawa, muka ce girma ne. Mun ga kuɗin cefane yana raguwa, muka zargi ƙanensa. Sa'ad da gwamnati ta hana yin wannan magani da shigowa da shi a watan Mayu na 2018, kwalba ta yi tsada, sai keken ɗinki ya ɓace daga ɗakin uwarsa. Ran nan ne idonmu ya buɗe.

Iyayen da suka taɓa shiga wannan hali sun san yadda hankali ya ke barin jikin mutum. Da an kawo mana takarda an ce mu sa hannu mu ba da gonarmu ta gado, da mun sa. Aka ba mu labarin wani gida a bayan gari inda a ke karɓar samari irinsa. Muka je. Shugaban gidan ya karɓe mu da fara'a, ya yi addu'a tare da mu, sa'an nan ya zaga da mu filin da samarin su ke buga bulo. Ya ce, "Baba, zaman banza ne ya lalata yaran nan. Ku bar mana shi, gumi zai fitar da abin da ya sha." Muka biya kuɗin abinci na wata uku a nan take, muka koma gida muna ta godiya. Ba mu yi tambaya ko ɗaya ba.

Wata bakwai ya yi a can. Ya fito idonsa ya washe, kumatunsa sun dawo, tafin hannunsa ya yi kanta. Har wa yau bai koma ga kwalba ba. Mun faɗi wannan tun da fari domin kada wani ya ce butulci ne ya sa mu magana.

Wata rana da dare, muna zaune a tsakar gida bayan cin tuwo, sai ya ce, "Baba, bulon nan da muka yi ta bugawa, tifa tana kawo yashi, mota tana zuwa tana kwashe bulo kusan kullum. Ku kuma kuna biyan kuɗin abincina. To, kuɗin bulon fa, ina ya tafi?" Ubansa ya ce masa ya gode wa Allah, a bar kaza cikin gashinta. Uwarsa ta ce wataƙila kuɗin magani ne. Ya ce, "Wane magani, Mama? Ko Panadol sai an aiko muku kun saya." Muka rasa ta cewa.

Shi ne kuma, a shekarar 2020, ya zo mana da wayarsa yana cewa, "Ku zo ku ji, ashe har a Amurka." Wani shirin rediyo ne na ƙungiyar 'yan jarida masu bincike da a ke kira Reveal. Ya riƙa tsai da shi yana fassara wa uwarsa. Daga baya ya nemo mana rahotanninsu muka bi su a hankali. Abin da muka samu a ciki shi ne za mu ba ku, gama ya koya mana yadda za mu yi tambayar da muka kasa yi.

A watan Oktoba na 2017 waɗansu 'yan jarida mata biyu, Amy Julia Harris da Shoshana Walter, suka fitar da labarin wani gida a jihar Oklahoma mai suna CAAIR. Ma'anar sunan ita ce Kiristoci mashaya giya da ƙwaya masu neman farfaɗowa. A Amurka alƙali yakan ce wa mai laifi ya zaɓa, ko kurkuku ko gidan gyaran hali. Wane ne zai zaɓi kurkuku? Sai mutum ya ɗauki jakarsa ya tafi CAAIR yana tsammani zai ga likita ko mai ba da shawara. Abin da ya ke tararwa shi ne mota mai kai shi mayankar kaji ta kamfanin Simmons Foods. A can zai tsaya kan ƙafarsa yana rataye kaji, yana fiɗa, yana wanke inji, har shekara guda. Kamfanin yana biyan ladan aikinsa daidai, amma ba a hannunsa ba, sai a asusun gidan. Jinyar da a ke yi masa kuwa ba ta wuce taron mashaya da karatun Littafi Mai Tsarki da zuwa sujada ba. In ya yi gardama a kore shi, in an kore shi alƙali ya tura shi kurkuku. Waɗanda suka zauna a wurin sukan kira shi gonar kaji.

Abu biyu a cikin labarin nan sun hana mu barci. Na ɗaya, waɗanda suka kafa gidan a 2007 manyan ma'aikatan kamfanonin kaji ne waɗanda su ke wahalar samun masu yi musu aiki. Watau ba majinyata ne suka rasa gida aka gina musu ba, mayanka ce ta rasa hannuwa aka nemo mata. Na biyu, in inji ya ji wa mutum rauni, akwai diyya da inshora ke biya. 'Yan jaridan sun tarar gidan ne ya ke karɓar wannan diyya ya riƙe. Mutum ya yi hasarar hannunsa, kuɗin hannun kuma ya shiga aljihun wani. A cikin shekara bakwai abin da ya shiga asusun ƙungiyar ya haura dala miliyan 11, matar da ke shugabanta da mijinta kuwa albashinsu a haɗe dala 168,000 ne a shekara. Mun ji nauyin wannan ƙwarai, gama sunan da ke rubuce a allon gidan shi ne sunan da a ke kiranmu da shi.

A 2019 binciken ya kai ga wata ƙungiya wadda ta fi waccan girma da suna, watau Cenikor, mai gidaje a Teksas da Luwiziyana. Ba ƙaramar ƙungiya ba ce. Shugaban ƙasa Ronald Reagan da kansa ya ziyarce ta a Houston a 1983 ya yaba mata. Aka gano ta yi shekaru tana tura majinyatanta aiki a kamfanoni fiye da 300, har da wuraren aikin Exxon da Shell da Walmart, ba tare da sun taɓa ladansu ba. Waɗansu sun yi aikin awa 80 a mako guda. Wanda ya yi awa 80 yana ɗaukar kaya, yaushe zai zauna da mai ba shi shawara? A shekara ɗaya kaɗai ƙungiyar ta sami fiye da dala miliyan 7 daga wannan ƙwadago. Albashin babban shugabanta a 2017 ya wuce dala 400,000.

A nan ɗanmu ya ɗauko biro ya yi mana lissafi, gama lissafi shi ne darasin da ya fi so tun yana yaro. Mafi ƙanƙancin lada da dokar tarayya ta Amurka ta yarda a biya ma'aikaci tun 2009 shi ne dala 7 da senti 25 a kowace awa. Awa 40 a mako, dala 290 ke nan. A shekara, dala 15,080. Ya raba 400,000 da wannan, ya ce, "Baba, mutum 27 ne za su yi shekara cur suna aiki, ba su riƙe ko senti ba, kafin a haɗa albashin mutum ɗaya." Ya ajiye biron, bai ƙara cewa kome ba.

Mai karatu zai ce, ta yaya 'yan jarida suka san albashin shugaba? Ai ba shi zai faɗa musu ba. Amsar tana da amfani a gare mu. A Amurka, ƙungiyar da ta ce ita ta taimako ce, ba ta neman riba, akan yafe mata haraji. A madadin haka dole kowace shekara ta cika wata takarda mai lamba 990, ta rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da albashin manyanta, kowa kuma yana da iko ya karanta. Mun daɗe muna zaton "ba ta neman riba" yana nufin ba wanda ya ke samun kuɗi a ciki. Ashe ba haka ba ne. Abin da ya ke nufi shi ne ba masu hannun jari da za a raba wa riba a ƙarshen shekara. Amma albashi ba a kiransa riba. Haka nan motar ofis, da gidan shugaba, da aikin da aka ba matarsa ko ɗansa. Kuɗi yana da ƙofofi da yawa na fita. Sai kuma wani abu da ya kamata mu faɗa ko da ba daɗin ji: dokar ba ta tilasta wa ikkilisiyoyi su cika wannan takarda ba. Wanda ya sa wa gidansa rigar addini yana iya rufe littafinsa.

Dabarar nan ba sabuwa ba ce. Tushenta yana komawa ga wani mutum mai suna Charles Dederich, tsohon mashayin giya, wanda ya buɗe wani gida a Santa Monica ta jihar Kalifoniya a 1958, ya sa masa suna Synanon. A zamanin nan mutane da yawa sun ɗauka mai shan hodar iblis ko allurar maye ba ya warkuwa, sai kabari ko kurkuku. Dederich ya tara su wuri ɗaya, suna dafa wa juna abinci, suna faɗa wa juna gaskiya da zafi, waɗansu kuwa suka daina sha da gaske. Jaridu suka yaba, masu kuɗi suka ba da kyauta. Sa'an nan gidan ya buɗe gidajen mai, ya shiga sayar wa kamfanoni biro da ƙananan kayan talla masu ɗauke da sunayensu, mazauna gidan ne kuma su ke yin aikin duka. Kuɗi ya shigo kamar ruwa.

To, ku lura da abin da ya biyo baya. Da farko mutum yakan yi shekara biyu ko uku a yaye shi ya koma cikin duniya. Wajen ƙarshen shekarun 1960 sai Dederich ya ce ba sauran yaye kowa, wai mashayi in ya fita zai koma ruwa, gara ya zauna har mutuwa. A 1974 gidan ya ce shi addini ne. Dederich ya yanka wa kansa kyautar dala 500,000 wai ta shirin ritaya. A watan Oktoba na 1978 waɗansu mutanensa suka sa mugun maciji a akwatin wasiƙun wani lauya, Paul Morantz, wanda ya yi nasara a kansu a kotu. Macijin ya sare shi, Allah ya sa da sauran kwanansa. Da 'yan sanda suka je kama Dederich a watan Disamba na shekarar, a buge suka same shi. Hukumar haraji ta janye yafewar da ta yi wa gidan a 1982, a 1991 kuma ya rushe. Amma gidaje da yawa sun riga sun kwaikwayi tsarinsa, Cenikor tana cikinsu.

Wannan batu na hana yaye mutane shi ne ya fi tsaya mana a rai. Asibitin kirki yana murna ran da ya sallami majinyaci. Gidan da ya ke rayuwa da gumin majinyaci kuwa, ranar sallama ranar hasara ce a gare shi, musamman in majinyacin ya warke, ya yi ƙarfi, ya iya aiki. Ba sai shugaba mugu ne ba. Ya isa kawai a ce albashinsa da man motarsa sun dogara ga yawan hannuwan da su ke fita aiki da safe, sai zuciyarsa ta riƙa samo masa dalilin da ya sa wane bai isa fita ba tukuna. Mu ma a wata na huɗu muka je ɗaukar ɗanmu, aka ce mana bai nuna ba, a ƙara masa uku. Muka yarda, muka sake biyan kuɗin abinci. Daga baya ne ya gaya mana cewa a lokacin shi ne ya fi kowa iya injin bulon.

Kotuna ma sun yi ta kai da kawowa a kan maganar. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan ƙungiyar wani mai wa'azi, Tony Alamo, da matarsa Susan. Suna da gidajen mai, da kantunan tufafi, da gonar aladu, da kamfanin rufin gidaje, ma'aikatansu kuwa yawancinsu tsofaffin mashaya ne da marasa galihu waɗanda suka tuba. Abinci da tufafi da wurin kwana kaɗai a ke ba su. Waɗansunsu sun tsaya gaban kotu sun ce su ba sa son lada, domin Allah su ke yi. Duk da haka alƙalan baki ɗaya suka ce ma'aikata ne, dokar lada ta shafe su. Dalilinsu shi ne, in aka karɓi irin wannan shaida, kowane mai gida zai iya matsa wa na ƙasa da shi ya faɗi haka, sa'an nan ladan sauran ma'aikatan gari zai faɗi. Wannan na biyun ba mu taɓa tunaninsa ba, sai ɗanmu ya tuna mana da wani mai buga bulo a unguwar can wanda ya rufe wurinsa. Yaya zai yi gasa da wanda ba ya biyan leburori? Amma kada mu sa ku zaci magana ta ƙare a 1985. A jihar Arkansas waɗansu da wani gida mai suna DARP ya tura aiki a masana'antar roba sun kai ƙara, alƙali ya ce a biya su fiye da dala miliyan ɗaya, sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022, ta ce su ba ma'aikata ba ne. A 2020 'yan jaridan Reveal sun ƙirga gidaje irin waɗannan aƙalla 300 a jihohi 44, mutanen da su ke bi ta cikinsu kuwa aƙalla 60,000 a shekara.

Yanzu bari mu yi wa masu gidajen adalci, gama suna da tasu maganar. Sukan ce jinya tana da tsada, talaka ba shi da inshora, in ba domin ladan aikin nan ba da ba gado, ba abinci, da mutumin yana kurkuku ko a kwance a bakin titi. Sukan ce tashi da asuba da gajiyar yamma suna maido wa mutum da mutuncinsa. Ba mu musa ba. Mun gani da idonmu a jikin ɗanmu. Ba mu kuma ce shugaba ya yi aiki da yunwa ba. Mai kula da samari talatin masu fama da maye, dare da rana, ya cancanci albashi mai kyau, 'ya'yansa ma suna bukatar kuɗin makaranta. Amma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In an karɓi ladan majinyaci da sunan jinya, to, a nuna jinyar. A nuna masa kuma a rubuce: ga abin da ka samo, ga abin da aka kashe a kanka, ga saura. Mutumin da ya fita bayan shekara guda ta aiki ba shi da kuɗin haya, ba shi da kuɗin mota, ba jarin sayen ko shebur, ina a ke so ya nufa? Tsofaffin abokansa su ne kaɗai za su ba shi wurin kwana kyauta, mun kuwa san abin da ke hannunsu.

Akwai wata hanya dabam wadda ta burge mu. A 1975, a jihar Maryland, hukuma ta ce za ta rufe wani gida da waɗansu masu farfaɗowa daga shaye-shaye su ke zaune a ciki, sai suka haɗa kai suka karɓi hayarsa da kansu. Daga nan aka sami tsarin da a ke kira Oxford House, wanda gidajensa suka kai dubbai. Kowa yana fita ya yi aikinsa, ladansa yana hannunsa, sa'an nan ya kawo rabonsa na haya da wuta da ruwa daidai da na kowa. Su su ke zaɓen ma'ajinsu daga cikinsu, wanda ya koma sha kuma sai ya bar gidan. Ba asibiti ba ne, ba zai kuma dace da wanda ciwonsa ya yi tsanani ba. Amma a can ba wanda ya ke ƙaruwa in ɗan'uwansa ya daɗe bai warke ba.

Bara muka ɗaure muka koma gidan da ɗanmu ya zauna, mu uku. Muka gaisa, muka sake yin godiya, da zuciya ɗaya kuwa muka yi ta. Sa'an nan ubansa ya ce, "Ranka ya daɗe, muna roƙo a nuna mana littafin kuɗin bulo na watannin da yaron nan ya yi." Fuskar shugaban ta canza. Ya ce aikin Allah ba kanti ba ne da za a yi masa lissafi. Muka tambaya ko gidan yana da kwamiti. Ya ce akwai. Muka tambayi wane ne ma'aji. Matarsa ce. Uwar yaron ta so ta yi maganar sabuwar motar da ke ƙarƙashin rumfa, ubansa ya taɓa hannunta, gama mota ba shaida ba ce, wataƙila kyauta aka yi masa. Muka yi sallama. Da za mu fita, samarin da ke bakin injin suka ɗaga wa ɗanmu hannu, shi ma ya ɗaga musu, ya daɗe yana waiwayensu. Mun rubuta wa kwamitin wasiƙa sau biyu, ba amsa.

Ɗanmu yanzu yana da nasa ɗan injin bulo a filin kawunsa. Samari biyu da suka fito daga wancan gida su ke aiki tare da shi. Kowace Asabar da yamma ya kan biya su, uwarsa ce ke riƙe da littafin, wanda ya karɓa kuma ya sa hannu. Ɗaya daga cikinsu ya roƙa a riƙa ajiye masa rabi, gama bai amince da kansa da kuɗi a aljihu ba tukuna. Rabin nan yana da nasa shafi, da sunansa a sama.

Makon jiya wata gwauruwa daga unguwarmu ta zo da dare tana kuka. Ɗanta ya sayar da buhun masararta. Ta ji an ce namu ya warke a wancan gida, tana so mu nuna mata hanya. Ba mu iya ce mata kada ta kai shi ba, gama ba wani wuri kusa da za mu nuna mata. Muka zaunar da ita, muka ba ta labarin nan duka kamar yadda muka ba ku. Ta ce ita ba za ta iya buɗe baki ta tambayi babban mutum kuɗi ba. Ɗanmu ya ce, "Mama, ba kome, ni zan tambaya." Ran Litinin za mu raka ta, ya riga ya sayi sabon littafin rubutu domin yaron ya riƙa rubuta yawan bulon da ya buga kowace rana.